Farin Furen Hanyar Dutse

A can wani zamani, a wani ƙauye na gindin dutse, an yi wata yarinya, Lantana, da kakarta makauniya. Irin gero ƙwarya guda ya rage musu. Ita kuwa tsohuwa ba ta shuka sai farin furen nan na hanyar dutse ya buɗe, don shi ne shaidar ƙasa ta ƙoshi da ruwa.

Aka yi ruwan fari, kowa ya yi shuka. Kullum Lantana ta hau ta duba, ta sauko ta ce, "Kaka, bai buɗe ba."

Ran nan rana ta ƙwalle, ƙaya ta soki Lantana a ƙafa. Ta ce a ranta, "In na ce ya buɗe, wa ya gani?" Da ta iso gida ta dubi ƙwaryar irin, sai ta ce, "Kaka, bai buɗe ba."

Ruwa ya ɗauke, shukar mutane ta ƙone. Da ruwan ya dawo, Lantana ta tarar da hanya ta yi fari fat da fure. Ta sauko a guje, ta ce, "Kaka, ya buɗe!"

Tsohuwa ta lalubo ƙafarta, ta shafa gurbin ƙayar, ta ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka, idona. Ɗauko irin."