Ruwan da Ya Sauko Daga Jikin Mota

Na san Nu'uman tun yana wanke babura da bokiti biyu da tsumma a bakin hanyar tashar Batsari. Shi ya sa in na ji masu ba da labarinsa suna ƙara gishiri, sai in yi shiru. Abin da ya faru ya isa haka nan.

Shekarun nan ne da noma ya gagara. Gonakin nesa suka koma hannun 'yan bindiga, mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari, kowa na neman abin da zai kama. Wankin mota ba ya son babban jari, don haka kafin a ankara, daga tasha zuwa kasuwa an buɗe wurin wanki har bakwai. Mota kuwa ba ta ƙaru ba. Mai ya yi tsada, ma'aikatan sakatariya suka jingine motocinsu, wanda bai jingine ba ya koma wanke abarsa a ƙofar gida. 'Yan garuwa suka tsauwala. Mai injin feshi shi ke kwashe bas-bas da motocin shanu, masu bokiti kuwa sai su biyar su yi ca a kan babur ɗaya.

Bayan filin wankin Nu'uman gidansa yake, katanga ɗaya ta raba su. A ciki akwai matarsa Mahfuza, da 'yarsu Kamila mai shekara takwas, da mahaifiyarsa Inna Tasalla, wadda ta baro gonarta a Yasore tana kuka.

Wata ranar kasuwa, Sule direba ya tsaya da bas ɗinsa, ya leƙo ta taga.

"Nu'uman, har yanzu kana nan da bokitin kakanka? Kafin ka gama taya ɗaya an yi la'asar."

"Haba Sule, shekara nawa muna tare? Shigo mana, har ciki zan share maka."

"Zumunci daban, wanki daban," in ji Sule, ya ja motarsa zuwa wurin mai inji.

Haliru, mai sayar da fetur a galan kusa da shi, ya ga komai. Ya matso ya rage murya. "Akwai wani tsoho bayan Zakka, ana ce masa Jinjiri. In kana da zuciya, je ka gan shi. Ni dai ban aike ka ba."

Washegari da hantsi Nu'uman ya hau babur ya nufi ƙasar Safana. Bayan Zakka ya ajiye babur, ya bi wata 'yar hanya tsakanin duwatsu har rana ta take. Ko tsuntsu bai ji ba. Ƙarƙashin wani dutse da ya tsage biyu ya sami kogon.

Ya zaci zai ga ƙahonni da fatun namun daji. Ba su ya gani ba. Sitiyari ne lanƙwasassu rataye a bango. Fitilun mota fasassu an jera su kamar idanu. A kusurwa kuma tulin takalma, ko wanne wari ɗaya, na manya da na yara, irin waɗanda ake tsinta a bakin kwalta bayan an kwashe mutane. Wurin na warin tsatsa da wani abu da ya fi tsatsa. A tsakiya ga baƙar tasa cike da ruwa, bayanta wani ƙanƙanen tsoho zaune, fuskarsa sumul babu ko gashi.

"Mai wanki," in ji tsohon, tun kafin ya yi sallama. "Zauna. Direba mi yake tsoro?"

Nu'uman ya zauna. "Hanya, Baba."

"To. Abin da ke jiran mota a hanya, tun kafin ta tashi yana liƙe a jikinta. Kai dauɗar waje kake wankewa. Ni ina da soson da ke fidda wancan. Motar da ka wanke da shi ba ta kifewa, ba a tare ta. Sauran kuwa direbobi za su yi maka shela da bakinsu."

Amma Nu'uman ya ji labarai, ya zo da shirinsa.

"Baba, bari in faɗa tun yanzu. Ba na ba da jini. Ina da uwa, ina da mata, ina da ɗiya. Kada a nemi ko ɗaya."

Tsohon ya yi dariya, wata siririyar dariya irin ta jarirai. "Wa ya tambaye ka? Ko kazarka ban so."

"To me zan ba ka?"

"Ni? Babu. Sharaɗi dai guda. Ruwan da ya sauko daga jikin mota, kada ɗigo ya bar filinka. Kada ya bi kwata, kada ya shiga na maƙwabci. Ka haƙa rami ka tara."

"In ya taru fa?"

"Naka ne."

"Shi ke nan, Baba?"

"Abin da ka tambaya na faɗa maka."

Tsohon ya sa shi ya tuɓe riga, ya miƙa masa wani baƙin soso, ya ce ya ciro sitiyari ɗaya daga bango ya wanke a tasar nan sau uku, yana ambaton sunansa da na uwarsa. A na farko ruwan ya yi duhu. A na biyu ya yi ɗumi. A na uku Nu'uman ya ji kamar ƙarar birki daga can cikin dutsen, da ihun mutane da yawa, sai kuma ɗif. Tsohon ya ɗebi ruwan ya zuba masa cikin takalmansa biyu, ya ce ya taka shi har gida, kada ya tsiyaye. Ya ƙulla masa tsingaron gilashin mota guda bakwai a tsumma, ya ce ya binne inda motoci za su riƙa tsayawa.

Ba a yi sati biyu ba abin ya fara. Wata Golf da ya wanke ta wuce a hanyar Jibiya, 'yan bindiga na tsaye a bakin daji suna kallonta kamar ba su ganta ba, suka tare ta bayanta. Sule da kansa, ranar da ya tarar da layi a wurin mai inji ya dawo wa Nu'uman a kan dole, tayarsa ta gaba ta fashe yana tsala gudu da mutum goma sha takwas, motar ta tsaya cak kamar an riƙe ta. Ya dawo yana rantsuwa a tasha.

"Wallahi hannun Nu'uman da albarka! Ni da iyalina mun daina wanki ko'ina."

Daga nan sai layi. Direbobin Safana, na Runka, na Katsina, har masu kai shanu kudu, babu mai ɗaukar hanya sai baƙin soson nan ya taɓa motarsa. Fasinjoji ma sai su tambaya, "An kai ta wurin Nu'uman?" Ya shafe filin da siminti, ya yi rumfar kwano, ya sayi inji biyu, ya haƙa burtsatse mai sola da babban tanki. Wuraren wanki shida suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mai injin da ke kwashe masa ciniki ya zo neman aiki a ƙarƙashinsa. Ruwan wanki kuwa, duk yana gangarawa cikin wani ƙaton rami a jikin katangar gida.

Inna Tasalla ce ta fara lura da ramin. Mace ce da ta yi shekara hamsin tana noma, zaman banza na cin ranta.

"Kai Nu'uman, wannan wace irin asara ce? Ruwa kwance haka, ana sayen kuɓewa kamar magani? Fasa mini katangar nan kaɗan."

Ya yi tunani. An ce kada ruwan ya bar filinsa, gidan kuwa filinsa ne. Ya fasa mata.

Ban taɓa ganin lambu irin wannan ba. Alayyafo har ƙugu, kuɓewa kamar yatsun ƙato. Inna ta dawo da dariyarta. Ita ke tsinka, tana ɗanɗana ɗanye tun a lambun.

Wata Laraba da azahar tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Mahfuza na kicin ta ji ƙara kamar an yi karo. Ta fito ta tarar da tsohuwar can jikin bango, taku goma daga tabarmarta, wuya a karye, ƙirji a lotse. Babu kowa a gidan sai su biyu. Matan da suka yi mata wanka suka yi ta tsintar garin gilashi a cikin furfurarta.

A wurin zaman makoki wani direba ya zo gaisuwa, yana ba da labarin yadda tirela ta yi kansa gadan-gadan a daidai azahar ɗin nan, ya rufe ido yana salati, ya buɗe ya ga ta wuce.

Nu'uman ya ji. Ya gane. Wannan shi ne wurin da nake so mai karatu ya tsaya, don daga nan babu sauran cewa bai sani ba.

Ya tumɓuke lambun, ya toshe katanga, ya rufe ramin da kankare. Ya hana kowa taɓa rijiyar tsakar gida, wadda ba ta fi taku shida daga ramin ba, ya ce a riƙa ɗiba daga tanki. Bai faɗi dalili ba.

Mahfuza ta same shi bayan sadakar bakwai. "Abban Kamila, ni fa na ga gawar Inna da idona. Ban san inda ka je ba, ba kuma zan tambaya ba. Don girman Allah ka rufe wurin nan."

"In rufe mu ci me? Kin manta lokacin da muke kwana da ruwan zafi?"

"Muna kwana da ruwan zafi, amma mu huɗu ne."

"Na gyara komai. Ki bar ni in kai ƙarshen damina, in sayi motar haya biyu, sai in saki."

Damina ta yi nisa. Aka yi kwana uku hadari bai buɗe ba, sola ta kasa cika tanki. Ranar ta faɗo ranar kasuwa, motoci sun yi layi har bakin kwalta. Mahfuza ta leƙo da bokiti.

"Randa ta ƙafe, ga Kamila za ta tafi makaranta."

Ya dubi tanki, saura kwata. Ya dubi layi. "Yau dai ku yi haƙuri, ruwan nan na motoci ne."

"To in ja a rijiya?"

Wani direba na danna masa oda. Nu'uman ya ce a ransa, ai yini ɗaya ne. Bai ce mata e ba, bai ce a'a ba. Ya juya ya ɗauki soso. Ita kuwa ta koma ta ja a rijiya.

Kwana biyu bayan haka, da yamma, Kamila na tsallen igiya a tsakar gida tana ƙirgawa, uwarta na tankaɗe tana taya ta. A na goma sha huɗu ta tsaya. Ta dubi gaban rigarta, ta ce, "Umma, wani ya jefe ni." Ta zauna a hankali. Ba a ji ƙarar bindiga ba a duk unguwar, amma likita ya ce harsashi ne ya kashe ta.

Tun daga ranar Mahfuza ba ta sake zama daidai ba. Sai ta fita ba mayafi ta tsaya tsakiyar kwalta, ta buɗe hannuwa tana tare motoci. "Ku sauka! Ku ɗauki abinku! Ku daina kawo mana!" Danginta suka zo suka tafi da ita a ɗaure.

Nu'uman ya koma bayan Zakka, ya faɗa kogon ba sallama.

"Ka yi mini alkawari ba za a taɓa su ba!"

"Na taɓa su?" in ji Jinjiri. "Ni na shuka kuɓewa? Ni na hana ɗiyarka ruwan tanki? Kai wanga yaro, ka ɗauke wa mutane dubu abin da ke jiransu, ka zaci ina za shi?"

"To na daina. Ka karɓi sosonka."

"Daina. Amma na cikin ramin yana nan, na shekara biyu. Hanya biyu gare ka. Ko ka fasa shi ya bi kwata ya shiga gari, kowa ya samu rabonsa, kai ka huta. Ko ka kwashe shi da hannunka."

An ce ya daɗe tsaye a kan ramin nan da diga. Kwatar da za ta ɗauki ruwan ta ƙofar wata makarantar firamare take bi. A ƙarshe ya fasa kankaren sama kawai, ya sallami ma'aikata, ya ƙona soson, ya shiga ramin da bokiti. Yini huɗu yana kwasa yana watsawa a kan simintin filinsa, rana na busarwa.

Bai mutu ba. Da ma ya mutu. A wata na farko ƙafarsa ta karye yana kwance. Ba ta ɗoru ba haƙarƙari ya bi. Yau ƙuna, gobe tsagewar goshi, babu mai taɓa shi. Inji da tanki da sola duk suka tafi wurin masu ɗori. Filin kuwa ko kyauta an ƙi karɓa.

Na je duba shi a wani ɗaki da 'yar'uwarsa ta ba shi. Hankalinsa garau, wannan ne ma azabar. Ya kama hannuna da yatsu ukun da suka rage masa.

"Ka san abin da ke hana ni barci? Ba a ƙwace mini su ba. Ta tambaye ni, in ja a rijiya? Kalma ɗaya ce kawai zan faɗa."

Ni ma babur ɗina ya sha wanki a wurin nan, ina murna ina kai abokai, ban kuma san wanne ne nawa a cikin raunukan jikinsa ba.

Don haka kai mai neman na kanka a wannan zamani na tsanani, ka ji tsoron Allah. Yunwa gaskiya ce, kasuwa ta yi ƙunci, na sani. Amma boka ba ya kyauta, kuma wanda ya ce ba ya son komai a wurinka shi ya fi kowa tsada. In bokiti Allah ya ba ka, riƙe bokitinka, ka koma gida da yamma ka tarar da mutanenka cif. Kwaɗayi ba ya tsayawa a kan mai shi, ta kan waɗanda ya fi so yake farawa.