Hanyar da A'i Ta Shuke

Da yamma liƙis A'i ta ɗauki taɓarya ta nufi gonarta a bayan Sundimina, tana tafe tana ƙwafa. Tun mijinta Abdulsalami yana raye akwai wani zirin ƙasa a tsakiyar gonar da ba ya shukawa. Wai hanyar wata runduna ce ta mutanen da, masu keta daji neman sabuwar ƙasa. Yana rasuwa ta shuke wurin da dawa tsaf. Rundunar ce za ta ciyar mata da marayu?

Sai ga dawar kullum a tattake. Ta rantse shanun maƙwabcinta Sabo ne, yau kuwa sai ta ritsa su.

Ta laɓe a gindin kuka. Can cikin gari aka kira magariba. Gyare ya yi tsit.

Wari ne ya fara isowa: albarushi, tsohuwar fata, gumi. Sannan takun ƙafa. Ba ganga, ba ko tari.

Ga su nan a sahu, ƙafa ba takalmi, kaya niƙi-niƙi a ka, ba mai ƙifta ido. Shugabansu na can ƙarshe, ba doki, shi ke goye da salkar ruwan mutanensa.

Kara ya karye a ƙarƙashin ƙafar wani dogo. Zuciya ta ɗebi A'i, ta fito.

"Kai, mara mutunci. Gonar ubanka ce?"

Sahu ya tsaya cak. Shugaban ya tako a hankali.

"Mai gona ta yi ƙara," ya ce, murya kamar daga cikin rijiya. "Ni ba na bulala, Inna. Wanda ya taka shukar talaka, nan zai tsaya har mai shuka ya yafe. Akwai wanda na bari a Gwaram, har yau yana tsaye."

"To ya tsaya har ya ruɓe."

"Zai tsaya. Sai dai sahuna ba ya tafiya da giɓi. Mai ƙara ke cikewa."

Aka sauke kayan dogon aka aza mata. Sanyi ƙalau, nauyi kamar dutsen niƙa. Wuyanta ya yi ƙara. Taɓarya ta suɓuce.

Ƙafafunta suka ɗaga da kansu.

"A biya ni dawata tukuna," ta ce da ƙyar. Ita da ko ƙwayar hatsi ba ta taɓa sassauta wa kowa a kasuwa ba.

Sahu ya ci gaba da tafiya da ita.

Ta dubi na gabanta. Mace ce, da zanen saƙi irin na kakanni, dugaduganta sun cinye har ƙashi.

Ga iyakar gona. Ga daji baƙi ƙirin. A gida yara na jiran tuwo.

"Allah ya isa" ta zo mata har baki. Ta haɗiye.

"Na yafe."

"Ban ji ba, Inna."

"Na ce na yafe."

Ta faɗi rub da ciki a kunya. Da ta ɗago, ba kowa sai sauro.

Tun ranar wuyan A'i bai ƙara juyawa hagu ba. Da gari ya waye ta sa fartanya ta buɗe musu hanya, amma 'yar siririya, taƙi biyu. Sabo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Inna A'i, wannan ai ko akuya sai ta karkace."

Ta ce, "Su karkace. Yafewa na yi, ban ce na ba su gona ba."