Gidan Sabha da Shanun Kausar

Kausar tana tankaɗe gero a tsakar gida a Dakoro, surukarta Inna Dela ta shigo da wayar portabul a hannu.

— Ke 'yar nan, mijinki ne daga Libiya. Ya samo gida na saidawa a Sabha. Shanunki za a kai kasuwa!

Kausar ta karɓa. Shekaru Zakiru yana can yana aikin gini, ita tana nan da ɗiyarsu Hamdiya da shanun da ubanta ya ba ta.

— Baban Hamdiya, sunan wa za a sa ga gidan?

— Sunan fatron ɗina, maigidan da nake yi wa aiki. Baƙo ba ya mallakar gida a nan. Amma mutumin kirki ne, wallahi.

— To habbanaye ne ke nan, aron saniya. Ka manta saniyar da Goggo Uwale ta ba ni aro? Na sha nononta, ta haihu mini, ranar da lokaci ya yi ta koma garken mai ita. Abin da ke da sunan wani, na wani ne. Ba ni saidawa!

Inna Dela ta tafa hannu.

— Ikon Allah! Mace na ja da mijinta? Zakiru, sake ta, garin Adjekoria cike yake da 'yan mata!

Zakiru ya kashe waya. Wata da watanni bai kira ba. Dangi suka daina gaida Kausar, a rijiya ana nuna ta da baki. Takan yi kukanta a bayan rumbu, ta share ido, ta fito da kanta sama. Uwarta ta aiko ta dawo gida, Kausar ta ce:

— Ban yi laifi ba, ba ni yaji. Mijina nake so, shi ya sa na hana shi.

Mamani, wan Zakiru, shi ya saida raƙumansa ya shige cinikin, ya je Sabha ya tare a gidan. Ana nan fatron ya rasu. 'Ya'yansa suka raba gado, har da gidan, suka watso kayan Mamani waje. Wa zai kai ƙara, da wace shaida?

Da damina Zakiru ya sauka daga kamiyo, motar kaya, ya rame. Gaban uwarsa ya durƙusa.

— Inna, ki yi mini aikin gafara, takardar sakin da kika ce, hannuna ya ƙi rubutawa.

Tsohuwa ta kau da kai.

— Da ka rubuta, da yau wa zai ba mu fura?

Kausar ta miƙa masa ƙwarya.

— Sha, fatron. Fushin nan nawa sai ka yi ƙiba za mu yi shi.

'Ya'yana, ku ji ni. Biyayya ba ita ce cewa "to" ga kowace magana ba. Mai ƙaunarka shi ke riƙe rigarka a bakin rijiya, ko kana zaginsa.