Muryar Munawwara

Motar da Zaharaddini ya shiga daga Karaye zuwa Rogo ta mace a hanya, dab da Gwangwan. Fasinjoji suka watse neman inuwa. A gindin wata tsamiya ya ji tsohuwa tana faɗa, akuya tana mayar mata da magana, yara suna ta ƙyaƙyata dariya. Da ya leƙa, ba tsohuwa ba akuya. Budurwa ce da tiren gyaɗa a cinya, tana sauya murya tana yi wa ƙannenta tatsuniya.

Ya yi sallama ya ce, "Tatsuniya da rana tsaka?"

Ta ja mayafi ta ce, "Ai mun ɗaure gizo, Malam."

Sunanta Munawwara. Shi kuwa ɗan Tudun Kaya ne, yana da ɗan shago a Karaye inda shi da abokansa suke zana katun na yara a kwamfuta. Zane suna da shi, muryar da za ta ba shi rai ce suka rasa. Kafin a tada motar ya san ya sami muryar, ya kuma san zuciyarsa ta tafi.

Goggo Saude, yayar mahaifinta, ita ta riƙe Munawwara tun rasuwar mahaifiyarta, kuma a bakinta ta koyi tatsuniyoyin. Ita ta amince a riƙa ɗaukar muryar a waya, a tsakar gida, a gabanta. Zaharaddini ya zama ɗan gida. In ya koma Karaye sai saƙo ya biyo baya:

"Hasken idona, yau na saurari muryarki har na manta ban ci abinci ba."

Ta amsa: "To ka ci, Zahar. Ba na son miji ramamme."

Katun ɗin ya bazu. Yara har a ƙauyen Jajaye suka haddace maganganun akuyar, wani gidan talabijin a Kano ya aiko yana son sayen shirin gaba ɗaya. Da wannan ƙarfin gwiwa Zaharaddini ya tura magabatansa wurin Malam Ɗantala, mahaifinta.

Malam Ɗantala ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce, "Na tambayi sana'arsa, an ce zane. Wanda bai da gona, bai da shanu, da me zai riƙe mini 'ya? Ku ba ni lokaci."

Ana cikin jira sai masifa ta faɗo. Wani da ba a san ko wane ne ba ya yanko muryar Munawwara daga katun, ya ɗora ta a kan bidiyon wata mai rawa da ba a ganin fuskarta. Abdulmutalib, dillalin gyaɗa da ya daɗe yana nemanta tana ƙi, shi ya kai wa Malam Ɗantala wayar har ƙofar masallaci, a gaban mutane.

Malam ya shigo gida ya nuna wa Munawwara bidiyon. "Muryar wa nake ji a nan?"

"Tawa ce, Baba, amma wallahi ba ni ce a hoton ba."

"Wa zai tsaya ya bambance? Garin nan kowa ya san muryarki!"

Ya karɓe wayarta, ya hana ta fita. Mata suka riƙa yin shiru in ta leƙa zaure. Da ta kasa daurewa ta ari wayar Goggo ta rubuta wa Zaharaddini:

"Amana na ba ka, ka sayar. An ce haka 'yan harkarku suke tallata kayansu. Kada ka ƙara nemana."

Zaharaddini ya karanta ya zauna a ƙasa. Bai iya gano wanda ya yi ba, bai kuma da hujjar da za ta wanke shi. Abu ɗaya ne a hannunsa. Ya sauke katun ɗin duka daga intanet, ya kira mutanen Kano ya ce ya fasa.

Abokin aikinsa Lukumanu ya kama masa riga. "Ka haukace? Mu da muka bar zuwa cirani saboda shagon nan, ina za mu sa kanmu?"

"Na sani. Ku yafe mini. Ba zan ci abinci da mutuncinta ba."

Ya tura saƙo ɗaya tak: "Munau, ban sayar da ke ba. Na goge komai. Ko ba ki aure ni ba, muryarki ta dawo hannunki."

Goggo ce ta fara ganin saƙon, ta sa aka karanta mata. Ta tarar da ƙanenta a zaure ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ɗantala, tatsuniyoyin nan na Inna ne, da su ta yi maka reno. Ni na ba da izini, in laifi ne nawa ne. Wanda ya tona yarinyar nan a ƙofar masallaci kana gaisawa da shi, wanda ya zubar da abincinsa don ya rufa mata asiri ka ƙi shi. Ka je Karaye ka gani da idonka."

Ranar kasuwa ya je. Ya tarar da shagon a buɗe, samari sun yi jugum, kujerar Lukumanu ba kowa don ya riga ya tafi Legas. Telan da ke gefe ya nuna masa tarin jakunkunan makaranta masu hoton akuyar, waɗanda 'yan mata suke ɗinkawa a gidajensu. Mai buga hoton a jikin jakunkunan ma ya fito. Duk suka zaci mai saye ne, suka yi ta yi masa kukan yadda aiki ya tsaya.

Malam ya daɗe yana juya jaka ɗaya a hannu. Ya dubi Zaharaddini ya ce, "Duk waɗannan a bayan zanenka suke ci?"

"Da suna ci, Baba."

"Kuma ka tsayar?"

"Ita ta fi."

Munawwara ta yi kuka da ta ji labarin. Ta rubuta wa Zaharaddini: "Na zalunce ka, muradin raina. Ka yafe mini." Ya amsa: "Ban taɓa riƙe ki ba."

Malam Ɗantala ya amince, bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura aure a Gwangwan. Cinikin Kano bai dawo ba, Lukumanu ma haka, kuma har ranar akwai masu raɗa a bayan taro. Da za a tafi da amarya, Malam Ɗantala ya riƙe hannun ango ya ce:

"Ka koma kan aikin shagonka, mutane suna jira. In ta yarda ta yi magana a cikin katun ɗin, ni zan fara saurara. Allah Ya yi muku albarka, Ya kare ku daga bakin duniya."

Daga cikin lulluɓi Munawwara ta ce amin a hankali, Goggo ta rangaɗa guɗa.