Kwallin Fa'iza da Albasar Aliero

Ranar kasuwar Jega ce, rana ta take, Fa'iza ta tsaya gaban wani saurayi da ya baje albasa a kan buhu. Ba ta taya ba. Ɗaya ta ɗauka, ta ɓare bawon da farce, ta kai hanci.

"Malam, wacce taf fi yaji?"

Saurayin ya ɗago kai. Jelani sunansa, manomi ne daga Aliero, kuma tun da yake kawo albasa kasuwar nan ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba.

"Mutane mai girma suka nema, mai auki. Ke mai yaji?"

"Wadda za ta sa ni kuka nika so."

"Subhanallahi! Wa yat taɓa ki? Faɗa min in je in same shi."

Ta ja mayafi ta rufe baki, dariya ta ƙwace mata. Shi kuwa idonta ya tsaya kallo. Layin baƙi ne a kan kowanne, siriri, an ja shi kamar da zare, amma na hagu ya fi na dama ƙyalli.

Fa'iza 'yar Malam Waliyyu ce, malamin makarantar allo a Jega Magaji, kuma sana'arta kwalliyar amare. Wata guda kafin wannan rana ta yi wa ƙawarta Ni'ima kwalliyar aure a Giwa Tazo. Ta ja mata ido da kwallin zamani, irin na kirim, mai laushi. Da iyaye suka zaunar da amarya suna yi mata nasihar rabuwa, Ni'ima ta fashe da kuka kamar yadda kowace amarya take yi. Baƙi ya gangaro har haɓa. A haka aka ɗauki hotuna, a haka dangin ango suka buɗe fuskarta suna ƙunshe dariya. Daga ranar Fa'iza ta ƙudurta ba za ta ƙara sa wa amarya abin da ba ta gwada a idonta ba.

A taƙaice ta yi wa Jelani bayani. Ya tona ƙasan buhu ya zaɓo mata ƙananan ja, masu tauri.

"Wagga, ko innata ba ta yanka ta sai a tsakar gida. In ba ta sa ki kuka ba, ki maido. Amma ta yaya zan san sakamako, in ba ni da lambar waya?"

Ta ba shi.

Gwajin nata mai tsari ne. Idon hagu ta ja masa wani kwallin zamanin da ake kira jel, idon dama na kirim, ta rufe ƙofar ɗaki, ta sunkuya a kan faranti tana yanka albasa har hawaye su wanke mata fuska, sannan ta duba madubi. Buroshi uku gare ta. Mai siririn baki yana fitar da layi kamar gashi, amma hannu na rawa ya tona asiri. Mai faɗin baki yana shiga tsakanin gashin ido ya cike gurbi. Mai karkataccen baki shi ne yake fitar da jelar ido a miƙe. Na kirim yana da daɗin ja, yana bin buroshi salin-alin, ana iya murza shi ya yi duhu mai laushi. Na jel kuwa saurin bushewa gare shi, in ka kuskure babu gyara, in ka bar kwalbar a buɗe a zafin Jega ya sandare.

Da yamma saƙon Jelani ya shigo:

"Assalamu alaikum Mai Kwalli. Ya kukan yau? Wane ido yac ci?"

Ta mayar masa:

"Wa alaikassalam Manomina. Na kirim ya kai haɓa tun albasa ta farko. Na jel ya tsaya. Amma jel na biyun da na gwada yana ɓarewa gari-gari. Ka kawo min wata albasar ranar kasuwa."

"Duk ƙasar Kabi ni kaɗai ne saurayin da budurwa ka roƙo shi kawo mata abin kuka. In sha Allahu wannan kaɗai ne kukan da zan sa ki."

Haka aka fara. Jelani ya nemi izini, Malam Waliyyu ya bincika asalinsa, ya ba shi damar zuwa bayan la'asar. Samari suna kai wa 'yan mata turare da atamfa. Jelani leda yake zuwa da ita, cike da jar albasa, Fa'iza kuma ta karɓa da murnar da ko zinariya ba za ta ba ta ba.

A nan Fa'iza ta yi kuskure, kuma babu amfanin a rufe mata. Mahaifinta ya san tana yi wa amare lalle da kwalli irin na gargajiya, ya kuma sa albarka. Amma ya taɓa faɗa a gabanta cewa ba ya son kayan shafe-shafen zamanin nan a gidansa, domin ya ji suna hana ruwan alwala taɓa fata. Maimakon ta je ta durƙusa ta yi masa bayani, sai ta ɓoye kwalaben a ƙasan akwati. Ta kuma sa Jelani ya yi mata alkawarin ba zai faɗa ba. 'Ya'ya suna ɗauka ɓoyo ladabi ne. Ba ladabi ba ne, tsoro ne.

Malam kuma ya yi nasa. Sau uku, duk ranar da Jelani ya zo ya tafi, Fa'iza ta kawo wa Malam abinci kafin magariba da idanu jawur, sun kumbura, da ragowar baƙi a gefen kunci. Ya gani. Bai tambaya ba. Ya bar zuciyarsa ta ba shi amsa.

Faruk ne ya ƙarasa ɓarnar. Ɗan aminin Malam ne, mai shago a Maiyama, ya daɗe yana son Fa'iza ba ta kula shi ba. Ya zo gaisuwa, Malam ya ɗan taɓa maganar, Faruk ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi.

"Baba, ban so in faɗi ba. An ce yaron zafin rai gare shi."

Babu wanda ya ce. Shi ya ƙaga.

Saura kwana huɗu magabatan Jelani su zo neman aure, Malam ya aika Aliero cewa kada su wahalar da kansu.

Fa'iza ba ta san dalili ba. Innarta Laraba ma ba ta sani ba. Kwana biyu wayar Jelani shiru, har ta fara zargin ko shi ne ya janye. A rana ta uku, da hantsi, saƙo ya zo:

"Kwallina, kada ki ɗauka na gudu. Jiya na je wurin Baba. Yac ce ba ya ba da ɗiyatai ga wanda ka sa ta kuka tun ba a ɗaura ba. Ya tambaye ni mi nika yi miki duk ran da niz zo. Na ce wallahi ban taɓa ɓata miki rai ba. Yac ce to mi ne? Na yi shiru, don na yi miki alkawari. Maganar taki ce, ba tawa ba. Duk abin da kinka yanke, ni ina nan."

Ta karanta sau uku. Ta hango shi durƙushe a zaure, ana kiransa azzalumi, amsa tana bakinsa, ya haɗiye saboda ita. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba. In ta yi shiru, ta rasa Jelani, kuma ta bar shi da baƙin suna. In ta yi magana, Malam zai iya raba ta da sana'ar.

Bayan la'asar ta shimfiɗa wa mahaifinta buzu a tsakar gida, ta fito da tire: kwalabe biyu, buroshi uku, wuƙa, albasa, auduga da ɗan man kwakwa. Ta durƙusa.

"Baba, na yi maka laifi. Ga wanda ka sa ni kuka."

Malam ya dubi albasar, ya dube ta.

"Fa'iza, wasa kika yi da ni?"

"A'a Baba. Ka ba ni izini in nuna maka."

Ta ja idon hagu da jel, na dama da kirim. Ta yanka albasa. Nan take hawaye suka ɓalle, baƙi ya sauko ta dama, hagu ko gezau. Tana kuka tana ba shi labarin Ni'ima, da kwalaben da ta ɓoye, da alkawarin da ta ɗaura wa Jelani. Inna Laraba tana bakin madafa ta riƙe haɓa.

"Oh ni Laraba! Ni ina cewa albasa tana ƙarewa ba a ganin ta a miya!"

Malam bai yi dariya ba. "Miƙo hannunki. Ja su nan, duka biyu."

Ta ja layi biyu a bayan hannu. Ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa. Na kirim ya narke ya bi ruwan. Na jel kuwa ruwa ya gangare ta kansa ya wuce.

"Kin gani? Abin da ya tsaya ma hawaye, ya tsaya ma ruwan alwala. Shi nika gudu."

"Na gani tun tuni, Baba. Shi ya sa ba ni alwala sai na goge." Ta ɗiga mai a auduga, ta shafa sau biyu, fata ta fito tas. "Kuma kowace amarya zan ba ta audugarta da manta, in gaya mata."

Malam ya duba hannun. Sannan ya ɗauki buroshin nan mai karkataccen baki, ya kai shi kusa da ido, ya juya shi. Mutum ne da ya shekara arba'in yana feƙe alƙalami.

"Wanga ai feƙen alƙalami anka yi mai." Ya tsoma a jel, ya ja layi a bayan hannunsa, a miƙe, ya ƙare da siririyar jela. "Kina danne shi da yawa. Gefen baki aka ja da shi, ba ciki ba. Kuma ki wanke shi duk kin gama, in ba haka ba shi ƙage kamar alƙalamin malalacin ɗalibi."

Ya ajiye. Muryarsa ta sauka.

"Kin ɓoye min, wannan laifinki ne. Na ga ɗiyata da hawaye ban tambaye ta ba, wannan nawa ne, kuma ya fi naki. Yaron da ya yarda a ce mai azzalumi don kada ya karya alkawari, ban ga wanda zan ba ke ba in ba shi ba. Laraba, a aika Aliero."

Da Faruk ya sake zuwa gaisuwa, Malam ya tambaye shi abu ɗaya: "Wa yac ce yaron zafin rai gare shi?" Faruk ya tashi ya sa takalmansa, bai kuma ƙara dawowa da maganar ba.

Fa'iza ta rubuta wa Jelani:

"Manomina, na faɗa wa Baba komai. Ya ce su zo. Ban san da wane baki zan gode maka ba. Allah shi rufa maka asiri kamar yadda ka rufa min."

"Alhamdulillahi! Amin, Kwallina. Godiya ta Allah ce, sai ta Baba. Amma fa a gidana kin daina yanka albasa. Ni zan yanka."

An ɗaura aure bayan an kwashe albasar rani. Dangin Jelani suka zo da gaisuwar iyaye, har da buhu biyu na ja mai yaji, aka jingine su a zaure ana ta raha. Fa'iza da kanta ta ja idonta, jel a duka biyun, da gefen bakin buroshi kamar yadda aka koya mata. Ni'ima ce ta riƙe mata madubi.

Da yamma aka kawo ta gaban mahaifinta. Malam ya dafa kanta, ya yi mata nasiha gajera: ta riƙe salla, ta riƙe gaskiya, kada ta ɓoye wa mijinta abin da tambaya ɗaya za ta warware. Ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya ta gari. Fa'iza ta yi kuka sosai, ba wuƙa ba faranti. Ni'ima ta ɗaga mayafin ta leƙa.

"Wallahi bai motsa ba!"

Mata suka sa guɗa. Inna Laraba ta juya ta ga mijinta yana goge ido da hannun riga.

"Malam, kai ma?"

Ya haɗe fuska, ya nuna zaure da haɓa.

"Albasar Aliero ce. A matsar da buhunan nan."