Kirsimeti a Kicin ɗin Bodil

Rikke ta shigo gida ƙafafunta kamar ba nata ba. Tun asuba take tsaye a gidan kula da tsofaffin da take aiki, daga can ta biya ta kwaso yara, ga shi tun la'asar duhu ya rufe garin Odense yadda ya saba a watan Disamba. Ko rigar sanyi ba ta cire ba Aksel, ɗanta mai shekara shida, ya baje jajayen takardu a tebur zai saƙa 'yan zukatan da ake ratayawa a jikin bishiyar Kirsimeti. Ƙanwarsa Vigga kuwa har ta shafa gam a gashi.

"Mama, da gaske bana a gidanmu za mu yi Kirsimeti?" in ji Aksel.

"Babanku ya yi alkawari," ta ce, tana ɓamɓare gam daga kan Vigga.

Tana rufe baki mijinta Esben ya fito daga ɗaki da waya a hannu. Yadda ya tsaya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi, ta gane. Ta tura yara falo.

"Faɗi kawai."

"Mama ce ta kira. Rikke, kuka take yi. Ban taɓa jin ta haka ba."

"Me ka ce mata?"

"Na ce za mu zo."

"Ka kuma ce mata da yardata?"

Ya ci gaba da gyara labulen. Shirun nan ta san shi kamar yunwar cikinta. Shekara takwas da aurensu, kowace Kirsimeti a garin Lemvig suke yi gidan mahaifiyarsa Bodil, kuma Rikke ba ta taɓa dawowa ba tare da wata magana maƙale a wuya ba. Yankan kabejinta ya yi kauri. Yara ba su iya zama a tebur ba. Sunan Vigga ma bai yi wa Bodil ba. Duk lokacin da aka yaɓa mata magana, Esben sai ya sunkuyar da kai cikin faranti. A waje mutum ne mai kirki, shi ke wa yara wanka, shi ke ɗumama mata mota da safe. Gaban uwarsa kuwa ya koma ɗan firamare.

Ba ta ɗaga murya ba, ƙarfin hakan ma babu. "Ba tafiyar ce ta dame ni ba. Na gaji da auren da sai an gama yanke magana ake sanar da ni. Zan je, saboda yara. In mun dawo zan kwashe su mu tafi wurin yayata, in huta, in yi tunani."

"Tunanin me?"

"Ka sani, Esben."

Haka sauran kwanakin suka wuce, gida ba faɗa ba daɗi. Kullum da safe yara su kunna kyandir ɗin Disamba mai lambobin kwanaki a jiki, su zuba masa ido har ya cinye lambar ranar. Suka ajiye kwanon kunun shinkafa don ɗan aljani mai jar hula da ake ce wa yara yana zuwa da dare lokacin Kirsimeti, Esben ya shanye a ɓoye, Vigga ta yi ta tsalle da ta ga kwano wayam. Iyayen suna murmushi gaban yara, in an shiga ɗaki kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Ranar jajibiri suka kama hanya cikin yayyafi da iska. Vigga ta yi amai a mota, Aksel ya tambayi ko an kusa har bakinsa ya gaji. Bodil na tsaye a ƙofa da jar rigar ulu, doguwa, bakin nan a tsuke.

"Kun makara. Rikke, haka kika fito da yarinya ba hula?" Ta juya ga Aksel ta buɗe hannu. "Zo nan, Esben ɗina."

"Kaka, ni Aksel ne," ya ce yana dariya.

"Na sani mana. Duk kanku ɗaya ne." Ta ɗaga yatsa. "Kuma kada wanda ya shigo mini kicin. Ba na son taimako."

Da azahar Esben ya kwashi yara zuwa coci. Rikke ta ce kanta na ciwo, kuma ba ƙarya ta yi ba. Ta miƙe a kujera kusa da bishiyar, ta lumshe ido. Can ta buɗe su. Wani abu ne ba daidai ba, sai da ta yi jim kafin ta gane. Gidan ba ƙamshi. Iyanzu ƙamshin gasasshiyar agwagwa ya kamata ya cika ko'ina har matakala.

Ta ƙwanƙwasa ƙofar kicin, ba amsa. Ta tura.

Bodil na tsaye tsakiyar kicin da cokali a hannu. Agwagwa na kan tebur ɗanya sharaf, oben a kashe. Firji a buɗe, kwalin sukari da tabarau a ciki. Tukunyar shinkafa ta kama har ta yi baƙi.

"Fita," in ji Bodil. Muryar ba ta da kaifin da aka sani.

Rikke ba ta fita ba. Ta rufe firji, ta sauke tukunyar. Wannan tsayuwar, wannan kallon, kullum tana ganinsu a wurin aiki.

"Tun yaushe, Bodil?"

Tsohuwar ta zauna a hankali. "Tun kafin a haifi mijinki nake gasa agwagwar nan. Yau na ɗauko ta, na ajiye, sai na rasa me ke biye. Kamar an share allo. Tun lokacin kaka likita ya gaya mini ciwon mantuwa ne. Makon jiya na fito daga kanti na rasa hanyar gidana, maƙwabciya ce ta rako ni. Na so in yi musu Kirsimeti ta ƙarshe da hannuna ne, tun ina gane fuskokinsu. Kada ki gaya wa Esben."

Maganganun shekara takwas suka dawo wa Rikke. Ga matar da ba ta taɓa yaba mata ko ruwan shayi ba, yau ta faɗo hannunta. In ta koma kujera ta kwanta, da yamma kowa zai ga abin da ya faru, ba mai cewa laifinta ne. Ta daɗe tana kallon agwagwar. Sannan ta naɗe hannun riga ta kunna oben.

"Lokaci ya ƙure a gasa ta ɗungum, yanka ta za mu yi. Tashi ki tsaya kusa da ni. Kanki ne ya manta, hannunki bai manta ba."

Ta miƙa mata tuffa da wuƙa. Bodil ta dube su kamar baƙi, sai yatsun suka kama aiki da kansu, ɓawo na sauka siriri bai tsinke ba. Rikke ta ɗora sabuwar shinkafa, ta narka sukari don dankali, ta jawo jan kabeji.

"Ya yi kauri," in ji Bodil, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Dariya ta kuɓuce wa Rikke, har da hawaye. "Wannan dai ba ki manta ba."

Bodil ta ajiye wuƙa. "Na ƙuntata miki."

"Kin ƙuntata mini."

"Tun ranar da ya kawo ki na ga ba ya bukatata kuma. Abin ne ya tsaya mini. Ke ba ki yi komai ba."

"Na ji. Amma ki saurare ni. Ba zan gaya masa ba, ke za ki gaya masa, gobe da safe. Abin da ke tsakanina da ɗanki ya isa, ba zan ƙara masa da ɓoyo ba."

Da su Esben suka dawo ƙamshi ya cika gida. Ya ga matarsa da uwarsa kafaɗa da kafaɗa a gaban murhu. Aka ci abinci a makare. Aksel ya cusa kunun shinkafa har cikinsa ya yi tulu yana neman ƙwayar almond, mai kama da gyaɗa, da ake ɓoyewa a ciki don wanda ya same ta ya ci kyauta, ashe tana kuncin Vigga tun cokalin farko, ta ƙi faɗa. Sannan aka kunna kyandirori a bishiya, aka riƙe hannu ana zagayawa ana waƙoƙin yabo. Inda kowa ya kakare a baiti na uku, Bodil ta ja su har ƙarshe, ko kalma ba ta ɓace mata ba. Hannunta na cikin na Rikke, ta damƙe shi tam.

Da safe, yara na can suna fama da sababbin kayan wasa, Bodil ta gaya wa ɗanta komai, har da abin da ya faru a kicin. Esben ya tashi ya fita bayan gida ko rigar sanyi babu. Rikke ta ɗauko ta ta bi shi. Yana tsaye jikin shinge, kafaɗunsa na girgiza.

"Ni ɗanta ne ban lura ba," ya ce. "Kullum muna waya. Ina ta cewa to Mama, to Mama, don a rabu lafiya, ashe ko sauraronta ba na yi. Ke ma haka na yi miki." Ya share fuska. "Kin rufa mata asiri, ni kuwa shekara takwas ban taɓa tare miki ko kalma ɗaya ba. Ki yafe mini. Kada ki tafi."

"Na gaji, Esben. Abin da ke gabanmu kuma ya fi wanda ya wuce nauyi, na san ciwon nan. Ba zan iya ɗaukar ta in ɗauke ka ba."

"Ba za ki ɗauke ni ba."

"Baki ne. Sai na gani."

Ta kuwa gani tun ranar. Da Bodil ta ce ita ba inda za ta, a gidanta za ta mutu, Esben ya dubi idonta ya ce, "Mama, a'a. Ni da Rikke za mu zauna mu yi shawara, da ke a ciki, amma ba za ki zauna ke kaɗai ba." Bodil ta harare shi, ta harari Rikke, sannan ta ce a zuba mata kofi.

Shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Aka sayar da gidan Lemvig, aka samo wa Bodil ɗaki a gidan tsofaffi kusa da su. Akwai ranakun da take zagin kowa, akwai ranakun da Rikke ke zama a mota bakin gida ta kasa fitowa don gajiya. Amma yanzu Esben ne ke fitowa ya buɗe mata ƙofa, ya riga ya ciyar da yara, ya kuma koyi cewa "bari in tambayi Rikke" kafin ya ce to.

Da Disamba ta zagayo, Rikke ta je ɗauko surukarta. Wata sabuwar ma'aikaciya tana ɗaura mata gyale, ta ce, "Bodil, wace ce wannan ta zo miki?"

Tsohuwar ta daɗe tana duban Rikke. Sunan ya tafi, ta neme shi ta rasa. Sai ta miƙo hannu ta kama nata.

"'Yata ce," ta ce. "Ita ce mai zuwa."

Rikke ta sunkuya tana gyara mata maɓalli don kada a ga idonta.

Masu iya magana sun ce mahaƙurci mawadaci. Wanda ya samu damar rama cuta ya mayar da alheri, bai yi asara ba ko da ladan ya jinkirta. Namiji kuma ya sani, shirun da yake yi tsakanin uwarsa da matarsa ba biyayya ba ce, kaya ne yake ɗora wa mutum ɗaya, kuma ko jaki aka yi wa lodin da ya fi ƙarfinsa, wata rana zai durƙusa.