Jirgin da Abdulhadi Bai Kife Ba

A Yawuri, inda Abdulhadi ya taso yana tuƙin jirgin ruwa, ba a barin jirgi baki sama bayan magariba. Kife shi ake yi, domin jirgin da aka bari a buɗe kiran fasinja yake, kuma ba kowane fasinja ne mutum ba.

Da ya zo Hajji ya zauna a Makka yana kafinta, sai kewar kogi ta sa ya sassaƙa ɗan jirgi, ya aje shi a busasshen magudanar ruwan sama da ke bayan gidansu a unguwar Ka'akiyya. Kullum yana toshe tsagoginsa da auduga da kwalta, maƙwabta suna dariya. Bai taɓa kife shi ba. Ina kogin yake a nan?

Wata magariba yana shafa kwalta, sai ya ji ƙarnin laka da kifi. Wata tsohuwa ce tsaye a kansa, zanenta na ɗigar da ruwa, amma simintin da ke ƙarƙashinta a bushe yake ƙayau.

"Mai jirgi, haye da ni," in ji ta.

"Iya, ai babu ruwa. Taka da ƙafa."

"Yaro, mun daɗe muna jiranka."

Ya kama gefen jirgin zai kife shi, sai ya ji katakon yana lilo a hankali, yadda jirgi ke yi bisa ruwa mai zurfi. Sanyin ruwa ya riga ya kai masa gwiwa.